Gudun Motsa Jiki: Yadda Damuwar Zuciya Ke Sauka a Ƙafa

Duk wanda ya saba fita bayan sallar Asuba a Haɗejiya ya san masu gudun motsa jiki sun ƙaru. Akwai samarin da suka cike takardar shiga soja ko ɗan sanda suna jiran ranar tantancewa. Akwai 'yan ƙwallon unguwa masu neman ƙarin numfashi. Akwai ɗaliban Kwalejin Binyaminu Usman da na Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa. Ga kuma ma'aikata da 'yan kasuwa waɗanda likita ya gaya musu hawan jini ko ciwon suga ya fara leƙo su, sai sun rage teɓa. Mata ma suna yi, ko da yake yawancinsu a tsakar gida ko a filin makaranta suke nasu. Wannan abin farin ciki ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2020, ta ce baligi yana bukatar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 na mai ƙarfi irin gudu.

Sai dai gudu yana da nasa raunuka. Idan mai gudu ya zo asibiti yana ɗingishi, abin da yakan fara zargi shi ne takalmi, ko rami, ko ya ce tsautsayi ne. Kowanne na iya zama gaskiya. Abin da ba kasafai ake kawowa a rai ba shi ne halin da zuciyarsa ta kasance a ciki cikin makonnin da suka gabaci ciwon: bashin da ya hana shi barci, jarrabawar da ke gabansa, gorin da aka yi masa, ko tsoron kada a ce masa rago. A wannan fitowa za mu duba yadda waɗannan abubuwa suke bi ta cikin jiki har su zama ciwon gwiwa ko tsagewar ƙashi, da abin da za ka iya yi tun kafin a kai ga haka.

RAUNIN GUDU IRI BIYU NE

Na farko shi ne na farat ɗaya. Ka taka gefen rami, ƙafa ta gurɗe, ka yi targaɗe. Ko ka yi tuntuɓe ka faɗi. Ko ɗan acaɓa ya kwashe ka. Na biyu, wanda kuma ya fi yawa ga masu gudu, shi ne mai taruwa a hankali. Yakan fara da ɗan tsami a gaban gwiwa, ko zafi a ƙwauri, ko a agara, ko a diddige idan ka sauko daga gado da safe. Ba ka iya tuna ranar da ya soma.

Dalilinsa mai sauƙi ne. A kowane taku na gudu, ƙafarka tana karɓar nauyin da ya kai ninki biyu zuwa uku na nauyin jikinka, kuma a kilomita ɗaya kana yin taku kusan dubu. Wannan duka yana haifar da 'yan ƙananan tsage-tsage a ƙashi da jijiya waɗanda ido ba ya gani. Idan ka huta, ka ci, ka yi barci, jiki yana ɗinke su har wurin ya fi da ƙarfi. Idan ba ka ba shi lokaci ba, sabon tsagu yana hawa kan tsoho. Wani abu kuma da ke yaudarar sabon mai gudu: huhu da zuciya suna sabawa cikin 'yan makonni, amma ƙashi da jijiya sai sun ɗauki watanni. Sai ka ji numfashinka ya ƙaru, ka ɗauka ka ƙware, alhali ƙwaurinka bai shirya ba.

Masu bincike a ƙasar Denmak sun tattara nazarce-nazarce da dama a 2015, suka gano cewa a cikin kowace awa 1,000 ta gudu, sababbin shiga suna samun rauni kimanin sau 17.8, waɗanda suka daɗe suna yi kuwa sau 7.7. Wato sabon shiga ya ninka tsohon hannu fiye da sau biyu. Ka riƙe wannan, domin yawancin masu gudunmu sababbin shiga ne, kuma da wata bukata ta gaggawa suka shiga.

ABIN DA DAMUWA KE YI WA JIKI

A 1988 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Mark Andersen da Jean Williams, suka fitar da bayanin da har yau ake dogara da shi a wannan fanni. Sun ce abubuwa uku ne ke haɗuwa: halin mutum, kamar yawan zullumi ko saurin fushi, matsalolin da suka same shi kwanan nan, da kuma abin da yake da shi na jingina, wato iyali, abokai, barci da hutu. Idan matsaloli suka yi yawa, abin jingina ya yi kaɗan, sai jiki ya shiga halin faɗakuwa, kamar na wanda ya hango maciji a gabansa. Sinadaran adiranalin da kotisol suna ƙaruwa a jini. Wannan halin yana da amfani na minti biyar. Idan ya zarce makonni, yana buɗe ƙofar rauni ta hanyoyi da dama.

Da farko tsoka tana ɗaurewa. Ka lura da kafaɗunka da muƙamuƙinka ranar da ranka ya ɓaci, za ka ji su a sanƙare. Haka cinya da sharaɓa suke yi. Tsokar da ta kwana a ɗaure tana saurin gajiya, ba ta lanƙwasa yadda ya kamata, kuma ba ta tare wa gwiwa da ƙwauri dukan ƙasa. Sai nauyin ya sauka kai tsaye a kan ƙashi da gaɓa.

Na biyu, gani yana ƙuntata, hankali yana rabuwa. Mai damuwa yana kallon hanya ne amma ba ya ganinta, kuma abin da ke gefensa yana ɓace masa. A filin wasa mai shimfiɗa wannan ba zai cika yin illa ba. Amma ina muke gudu? A kan jingar da aka yi don tare ruwa, a hanyoyin gonakin shinkafa na wajen Auyo, a gefen titin Kano ko na Nguru inda manyan motoci ke wucewa. Wanda ya san fadama ya san yadda laka take idan ruwa ya janye: sawun shanu yana bushewa ya zama ramuka masu baki kamar tukunya, ƙasa ta dare, wani wurin ciyawa ta rufe. Mai natsuwa ƙafarsa tana zaɓar wurin sauka ba tare da ya yi tunani ba. Wanda yake lissafin kuɗin taki a ransa, shi ne zai zura ƙafa. Ƙara da hazon hunturu da duhun asuba, ga kuma abin sauraron waƙa a kunne biyu. Wannan na ƙarshe, a ganina, bai kamata a sa shi a bakin titi ba ko kaɗan.

Na uku shi ne barci, kuma a nan nake so ka fi tsayawa. Da daddare jiki yake yawancin gyaransa. Damuwa kuwa barci take fara ci. Wani nazari da aka buga a 2014 a kan 'yan wasan makarantar sakandare a birnin Los Anjeles ya nuna cewa waɗanda ke barci ƙasa da awa 8 sun fi sauran yiwuwar samun rauni da ninki 1.7. To, yi lissafin naka. Saurayin da ya zauna a majalisa ko gidan kallon ƙwallo har sha biyun dare, ya shiga ɗaki ya ƙara awa guda a kan waya, ga zafin bazara da sauro, sannan ya tashi Asuba ya ɗaura takalmi, awa nawa ya samu?

Na huɗu, ciwo ba ya saurin warkewa. A 1995 Janice Kiecolt-Glaser da abokan aikinta a Jami'ar Jihar Ohayo suka yi wa wasu mata ɗan ƙaramin yanka iri ɗaya a hannu. Rabinsu suna jinyar ɗan'uwa mai ciwon mantuwa na tsufa, rabi ba sa jinyar kowa. Na masu jinya ya ɗauki kimanin kwana 9 fiye da na sauran kafin ya warke. A 1998 aka gwada irin wannan da ɗaliban likitancin haƙori, aka ga ciwon da aka yi musu dab da jarrabawa ya fi na lokacin hutu jinkirin warkewa da kashi 40 cikin 100. Idan fata tana jin damuwa haka, babu mamaki jijiyar da ka gajiyar jiya ta kasa farfaɗowa kafin gobe.

Mu a wannan yanki ba sai an ba mu labarin matsin rayuwa ba. Ambaliyar 2022, wadda ta hallaka mutum fiye da 600 a faɗin Nijeriya, Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki a cikinta, kuma mutanen Auyo, Kafin Hausa, Kirikasamma da Guri sun san abin da ake nufi da gona ta nutse ana gab da yanka. Ruwa yakan janye cikin makonni, amma bashi da fargabar damina mai zuwa ba sa janyewa tare da shi. Mutumin da ke ɗauke da irin wannan kaya, kilomita biyar ɗin da ya saba yi cikin sauƙi bara ba ita ce kilomita biyar ɗin bana ba, ko da hanyar ɗaya ce.

DAURIYA, KUNYA DA GASA

Duk abin da na faɗa a sama yana faruwa ne ba da saninka ba. Akwai kuma wanda da hannunka kake yi, kuma shi ya fi cika mana layi.

Ɗauki misalin saurayin da ya ji an fitar da ranar tantance masu shiga soja, saura mako uku. Bai taɓa gudun da ya wuce na filin ƙwallo ba. Shekara biyu yana zaune babu aiki, gida an zuba masa ido, ƙila ma har an ranto kuɗin mota. Sai ya ce zai haɗa horon wata shida cikin kwana ashirin: safe da yamma, babu ranar hutu, wani lokacin har da rigar sanyi a cikin rana wai don ya yi gumi. A mako na biyu ƙwauri ya fara zafi. Ya san idan ya tsaya abokan gudu za su ce ya cika raki. Ya san kuma idan ya faɗa a gida za a ce dama ba shi da zuciya. Sai ya yi shiru, ya bi ta kemis. Ranar tantancewa ta zo, ƙashin ya riga ya tsage, ga shi ko tsayuwa a layi ba ya iyawa. Horon da ke jiransa a makarantar kuratan soja ta Zariya ma ya fi wannan tsanani, kuma tsagewar ƙashin ƙwauri da na tafin ƙafa sanannen ciwo ne ga kurata a ko'ina a duniya. Wanda yake da niyyar wannan aiki, tun kafin a buɗe ɗaukar ya kamata ya fara, watanni uku ko huɗu.

Dauriya hali ne da muke yabo, kuma ya cancanci yabo. A ɗakin haihuwa muna ganin matan da ke cije leɓe ba sa ko uffan, don kada a ce ba su da kunya. Amma mun kuma san abin da ke biyo baya idan dauriyar ta sa mace ta kwana biyu tana naƙuda a gida ba ta faɗa wa kowa ba. Zafi saƙo ne. Akwai wanda za a iya daurewa, kamar tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu bayan gudu, wanda ke kama ƙafafu biyu daidai kuma yana sakin ka idan jiki ya ɗumama. Akwai kuma wanda daure shi ɓarna ce: zafi a wuri ɗaya da za ka iya nunawa da ɗan yatsa, wanda ke ƙaruwa yayin da kake gudu, ko ya sa ka canza taku.

Wani masani a Kanada, Robert Vallerand, ya raba son abu gida biyu a 2003. Akwai son da kai ke riƙe da shi: kana jin daɗin gudu, amma idan baƙo ya zo ko jiki ya ƙi, ka bari sai gobe, ranka bai ɓaci ba. Akwai kuma son da shi ke riƙe da kai: ranar da ba ka fita ba kana jin kamar ka yi laifi, kana faɗa da iyali, kana fita ko da zazzaɓi. Binciken da aka yi a kan masu gudu da masu rawa ya nuna masu irin so na biyu sun fi ci gaba da motsa jiki a kan ciwo, kuma raunukansu sun fi daɗewa. Wayar hannu ta ƙara wa wannan wuta fetur. Manhaja tana ƙirga maka kilomita, ka ɗora a WhatsApp, abokinka ya ɗora wadda ta fi taka, gobe ka ce sai ka wuce shi. Shi kuwa ƙila shekararsa biyar yana yi.

Ga gudun rukuni kuma. Yana da daɗi, yana hana kasala, ga tsaro. Aibinsa ɗaya: wanda ya fi kowa ƙarfi ne ke gaba, na baya kuma kunya ba ta barinsa ya ce a rage. Idan kai ne jagora, ka riƙa waiwaye.

Maganar kemis tana bukatar tsayawa. Diclofenac da ibuprofen suna kashe zafi, ba sa ɗinke ƙashi. Abin da suke yi shi ne su toshe maka kunne daga saƙon da jiki ke aikowa. Ban da haka, shan su kafin gudu, a cikin zafin watan Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, jiki kuma babu isasshen ruwa, yana iya taɓa ƙoda. Kowa ya san yadda ciwon ƙoda ya daɗe yana addabar garuruwan bakin wannan kogi, daga Haɗejiya har Gashuwa. Ba mu da ƙodar da za mu yi wasa da ita. Tramadol kuwa ya fi muni. Yana ɓoye ciwo da gajiya, yana rage natsuwa, yana kama mutum ya kasa bari, kuma idan an sha da yawa yana sa farfaɗiya. Hukumar da ke yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa tun daga Janairun 2024.

GA 'YAN'UWANA MATA

Ke ma abin ya shafe ki, ta wata fuskar. Yawancin matan da ke tambayata game da gudu ko tsallen igiya, rage ƙiba suke nema, kuma sau da yawa wata magana ce ta tunzura su: maigida ya yi tsokaci, ko an kwatanta su da wata, ko biki ya matso. Zuciyar da aka tunzura haka gaggawa take so. Sai a haɗa motsa jiki mai tsanani da ƙin cin abinci da shayin rage ƙiba. Idan abin da ke shiga ciki bai kai abin da jiki ke ƙonewa ba, jiki yakan fara rufe wasu ayyukansa. Al'ada ta rikice ko ta ɗauke, ƙashi ya fara rauni, sai tsagewa ta zo cikin sauƙi. Ɗaukewar al'ada wata uku ga mai motsa jiki, ba ciki ba shayarwa, dalili ne na zuwa asibiti. Ga kuma ƙarancin jini da ya yi mana yawa, daga haihuwa kusa-kusa, zazzaɓin cizon sauro, da tsargiya ga masu shiga ruwan fadama. Mai ƙarancin jini tana saurin gajiya, gajiyayyar ƙafa kuwa ita ce ke gurɗewa.

Mai jego, kada ki ɗauka yin arba'in ya ba ki izinin gudu. Tsokokin ƙasan mara da suka ɗauki ciki wata tara ba su gama komawa ba. Shawarar da ƙwararrun gashin ƙashi na Birtaniya suka fitar a 2019 ita ce a jira aƙalla wata uku bayan haihuwa kafin a fara gudu, a cika wannan lokaci da tafiya da atisayen matse tsokokin ƙasa, wanda ungozoma za ta koya miki cikin minti biyar. Idan fitsari yana zubo miki lokacin tari ko tsalle, ko kina jin nauyi kamar wani abu zai sauko, ki dakata ki zo a duba ki. Wannan ba abin kunya ba ne a wurinmu, kullum muna gani, kuma yana gyaruwa.

Iyaye da malamai kuma, a lura da gasar wasannin makaranta. Yarinyar da ba ta yi gudu ba duk shekara, a sa ta tseren mita 1,500 a tsakar rana ana mata ihu, ba za ta tsaya ba ko da tana ganin jiri.

BAYAN AN JI CIWO

Babban abin da ke hasashen rauni na gaba shi ne raunin baya da bai gama warkewa ba. A nan ma zuciya ce ke ja, ta ɓangare biyu. Wani gaggawa ke cinsa, kumburi na sauka ya koma fili. Wani kuma tsoro ke kama shi, ya riƙa tausaya wa ƙafar yana jingina nauyi a kan ɗayar, har ita ma ta fara ciwo. Ko ya bar motsa jiki gaba ɗaya, hawan jinin da ya kawo shi ya dawo. Ma'aikatan sashen gashin ƙashi aikinsu ke nan, su nuna maka mataki-mataki abin da ƙafar za ta iya ɗauka, har ka sake yarda da ita.

Sabon targaɗe ba ya son ruwan zafi, ba ya son murza da ja. A kwana biyun farko ka hutar da ƙafar, ka ɗaga ta a kan matashi, ka naɗe ƙanƙara ko daskararren ruwan leda a tsumma ka ɗora minti 15 zuwa 20, sau da yawa a rana. Idan ba ka iya taka ƙafar taku huɗu, ko ƙashin idon sawu kansa ne ke zafi idan an danna, sai an yi hoto. Na san da yawa wurin maɗori za su fara zuwa. Abin da nake roƙo shi ne, idan an ɗaure sai yatsu suka kumbura, suka yi sanyi, suka canza launi ko suka daina jin taɓi, a kwance nan take a taho, ko da tsakar dare ne. Ɗauri mai tsanani yana tare jini, kuma ta haka ake rasa ƙafar da ciwonta bai kai ya kawo ba. Ka kuma sani cewa tsagewar ƙashi ta gajiya sau da yawa ba ta fitowa a hoto a makonni biyu ko uku na farko. Idan an ce hoto bai nuna komai ba amma zafin yana nan wuri ɗaya, kada ka koma gudu. Ka dawo a sake dubawa.

TO, YAYA ZA A YI?

Ban ce mai damuwa ya daina gudu ba. Motsa jiki yana daga cikin abubuwan da aka tabbatar suna rage damuwa da gyara barci. Abin da ake so shi ne ka riƙa lissafa kayan zuciya tare da kilomita. Kafin ka ɗaura takalmi, tambayi kanka: awa nawa na yi barci? Akwai abin da ke cin raina? Akwai wurin da ke min zafi? Idan biyu daga ciki ba su yi daɗi ba, ranar ta zama ta tafiya ko sassarfa, a hanyar da ka sani, bayan gari ya waye sosai. Makon jarrabawa, makon rasuwa, makon biki, makon da aka tashi daga zazzaɓi, duk makonnin ragewa ne. Da azumi kuma a mayar da shi bayan buɗa-baki.

Sabon shiga ya fara da kwana uku a mako, da ranar hutu a tsakani, yana gauraya gudun minti ɗaya ko biyu da tafiya. Ma'aunin sauri kuwa bakinka ne: idan ba ka iya yi wa na kusa da kai magana jimla guda ba tare da haki ya katse ka ba, ka yi sauri da yawa. Za ka ji ana cewa kada ƙari ya wuce kashi 10 cikin 100 a mako. An gwada wannan ƙa'ida a Holan a 2008 ba a ga ta rage rauni ba, don haka ba doka ba ce. Amma wani nazarin Denmak na 2014 ya nuna waɗanda ƙarinsu ya wuce kashi 30 cikin 100 sun fi kamuwa da ciwon gwiwa da ƙwauri. Babban tsalle shi ne abin gudu.

Kwantar da hankali kuma abu ne da ake koya. Masu bincike a Suwidin sun tattara gwaje-gwaje a 2017, suka ga 'yan wasan da aka koya wa dabarun rage damuwa sun fi sauran ƙarancin rauni. Dabarun ba masu tsada ba ne. Ka zauna minti biyar kafin fita, ka ja numfashi ta hanci kana ƙirga huɗu, ka sake shi a hankali kana ƙirga shida, ka sassauta kafaɗu. Wanda ya saba zama bayan sallah yana zikiri cikin natsuwa ya riga ya san hanyar. Ka ajiye waya awa guda kafin kwanciya. Ka samu mutum ɗaya, aboki ko yaya ko malami, da za ka iya gaya wa abin da ke damunka. Idan kuwa baƙin ciki, rashin barci, ƙin abinci ko rashin sha'awar komai ya wuce mako biyu, ko tunanin gara mutuwa ya fara zuwa maka, wannan ciwo ne mai magani, kuma gudu kaɗai ba zai warkar da shi ba. Ka faɗa wa likita ko ma'aikaciyar jinya kai tsaye.

Akwai alamomin da ba a jira da su ko kwana ɗaya: ciwon ƙirji, jiri ko suma a lokacin gudu, fitsari ya koma baƙi-baƙi kamar shayi bayan horo mai tsanani, mutum ya rikice yana sambatu ko tangaɗi a cikin zafi. Wannan na ƙarshe a kai shi inuwa, a cire masa kaya, a yi ta kwara masa ruwan sanyi ana fifita tun kafin mota ta zo. Wanda gwajin jininsa ya nuna AS zai iya gudu kamar kowa, amma ya fi bukatar ruwa, hutu tsakanin zagaye, da guje wa ƙure kai a rana. Ya kuma sanar da mai horas da shi.

Idan za ka zo asibiti da ciwon gudu, ka taho da takalmin da kake gudu da shi, domin yadda ƙasansa ya cinye yana nuna yadda kake taku. Ka taho da kwalin duk maganin da ka sha, har na gargajiya. Za a tambaye ka yaushe ka fara, nawa ka ƙara a makonnin nan, a wace hanya kake bi. Idan an zo kan tambayar barci da abin da ke faruwa a gida, ka amsa ta kamar yadda ka amsa sauran, domin da ita za a tsara maka ranar komawa fili.